Famfon ruwan gilashi ya yi shiru, mita kuma tana nuna akwai wuta

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana wutar mota. Yau kwana tara ke nan ruwan wanke gilashin gaba ya daina fitowa a motata. In na ja sandar waifa, waifa tana sharewa sau uku kamar yadda ta saba, amma ko ɗigo ba ya fita, kuma ƙugin nan da famfo yake yi ban ƙara jin sa ba. Tanki a cike yake. Na duba fis, lafiyarsa ƙalau. Na sayo sabon famfo na saka, shiru. Na sa mita a soket ɗin famfon, ta nuna volt 12.3. To wuta tana zuwa, famfo sabo ne, me kuma ya rage? Shekaranjiya wata babbar mota ta watso min taɓo ina tafe da iyali, na kunna waifa ta damalmale shi a gilashi, sai da na leƙo da kai ta taga kafin na samu na sauka gefen titi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Motar ƙirar Japan ce, ta 2007.

Kawu Bakanike: Wa alaikumus salam. Sabon famfon da ka sayo ne bai da kyau. Ana samun haka sosai. Mayar musu su canza maka.

Direban Dogon Zango: Allah ya tsare gaba. Ni dai in ka tambaye ni rile ne, ɗan akwatin nan da yake buɗe wa famfo hanyar wuta in an ja sanda. Haka tawa ta yi, aka canza rile, magana ta ƙare.

Tsohon Rewaya: Baban Khadija, kafin ka mayar da komai, amsa min tambaya biyu. Lokacin da ka ga 12.3 ɗin nan, baƙin tsinken mita a ina ka ɗora shi? A ɗaya haƙorin soket, ko a bodin mota? Na biyu, wa ya riƙe maka sandar waifa a ja lokacin da kake aunawa?

Baban Khadija: Oga, baƙin a bodi na ɗora, jikin wani noti kusa da batir. Sandar kuma babu wanda ya ja, ni kaɗai ne. Makulli kawai na murɗa, fitilun dashbod suka kama, na zagayo na auna.

Tsohon Rewaya: To ka ga inda aka bar hanya. Rabin layi ka auna. Yawancin motocin Japan na wancan zamanin, wuta tana tasowa daga fis ta wuce kai tsaye zuwa famfo, tana nan zaune muddin makulli yana kunne. Abin da sandar waifa take yi shi ne ta ba famfon nagetif, wato ta haɗa ɗaya wayar da bodi. Saboda haka 12.3 da ka gani abu ɗaya ta gaya maka: fis bai ƙone ba, wayar da ta taso daga gare shi ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Ba ta ce komai a kan hanyar komawa ba. Wuta kuwa sai ta je ta dawo take aiki.

Akwai kuma labari mai daɗi a cikin bayaninka. Waifa tana sharewa sau uku in ka ja sanda, wannan yana nuna cikin suwic ɗin ya san an ja shi. Ban ce suwic ya fita daga zargi ba, amma ba shi zan fara kwancewa ba.

Ka samu wanda zai zauna a ciki. Cire soket, jan tsinken mita a haƙori ɗaya, baƙin a ɗaya haƙorin, a ja sanda, ka faɗa mana abin da ka gani.

Ɗan Koyo: Oga don Allah, ta yaya mutum zai gane ko motarsa nagetif ake ba famfo ko fozitif, in ba shi da zanen wayoyi?

Tsohon Rewaya: Yadda ya yi ɗin nan ne, bai dai san ya yi ba. Makulli a kunne, ba a taɓa sanda ba. In ka samu wuta a haƙori ɗaya, nagetif ake jira daga suwic. In babu wuta a ko ɗaya, kuma ɗaya yana haɗe da bodi, to fozitif ake jira. In duka biyun suna haɗe da bodi, wannan wani labari ne, famfo mai juyawa gaba da baya ke nan.

Maman Amir: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda maganar ɗaya ce. Ni tawa famfon yana ƙugi sosai, har daga cikin mota ina ji, amma ruwan ɗan tsirit yake fitowa, ko rabin gilashi ba ya kaiwa. Shi ma wutar ce?

Tsohon Rewaya: Hajiya, taki da wuya ta zama wuta. Famfon da yake ƙugi da ƙarfi ya samu abincinsa. Me kike zubawa a tankin?

Maman Amir: Ruwa, da ɗan sabulun wanke kwanuka.

Tsohon Rewaya: Shi ne. Inda famfo yake shiga jikin tanki akwai wata baƙar roba, a yawancin motoci tana da 'yar raga da take tace ruwa. Sabulu in ya daɗe a tanki yana zama yauƙi, ya like ragar nan. A zare famfon, a ciro robar a wanke, a ɗauraye tankin. Ki sa a ajiye bokiti a ƙasa domin ruwan duk zai zubo. In an gama, a cire tiyo daga wajen nozul, wato bakin da yake fesa ruwa a gilashi, a ja sanda: in ruwa ya fito da ƙarfi daga tiyo, sauran toshiyar tana nozul ne. A bi tiyon kuma da ido har wajen hinjin bonet, nan yake yawan lanƙwashewa ko ya tsage.

Baban Khadija: Na dawo. Ɗana ya ja min sanda. Soket a cire, tsinke biyu a haƙora biyu: kafin ya ja mita tana sifili, yana ja ta nuna 12.2. Ya saki ta koma. To ke nan nagetif ma yana zuwa?

Kawu Bakanike: Ai na faɗa tun farko. Wuta ta je, nagetif ya je, famfo bai juya ba. Famfo ne. Ba sai an yi ta zagaye-zagaye ba, yau shekara nawa muna wannan aiki.

Tsohon Rewaya: Kawu, maganarka tana iya zama gaskiya, kuma gwada ta minti biyu ne. Baban Khadija, tsohon famfon yana nan? Ka samu waya biyu, ka sa fis na amp 10 a jikin ta fozitif, ka taɓa haƙoran famfon kai tsaye daga batir. Ka gwada tsohon da sabon. Taɓawa kawai ka saki, kada ka bar shi yana gudu babu ruwa.

Baban Khadija: Ikon Allah. Duka biyun suna juyawa. Tsohon ma har ya fi ƙara.

Kawu Bakanike: To wannan kuma ya wuce sanina. Na janye. Mu ji daga masu waya.

Malam Mai Kimiyya: Bari in sa baki a nan, domin wannan shi ne wurin da mita take ruɗar mutane, kuma ba ƙarya take yi ba. Mitar dijital in tana auna volt kusan ba ta jan komai. Turjiyar cikinta, wato yadda take tare wa wuta hanya, wajen om miliyan 10 ce, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. A kan volt 12, abin da take ja bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na amp ba da 'yan kai. Famfon ruwan gilashi kuwa yana neman amp 2 zuwa 4, wani ma fiye.

Ƙa'idar da masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya fitar a 1827 ita ce take aiki: volt ɗin da yake ɓata a hanya daidai yake da amp sau turjiya. A ce akwai wuri mai tsatsa a layin da ya kai om 10. Mita ta ja ɗan mitsitsin da take ja, abin da zai ɓata a wurin tsatsar bai kai a gani ba, sai ta nuna maka 12.2 cif. Amma famfo, don ya samu amp 3 ta cikin om 10, sai an yi asarar volt 30 a wurin kaɗai, batir kuma 12 gare shi. Ba zai yiwu ba. Sai famfon ya samu volt ɗaya ko biyu, ya tsaya cak.

Kamar tiyo ne da aka take da ƙafa. In ka toshe bakinsa da yatsa za ka ji ruwa ya cika shi yana turo ka. Ka saki yatsan, sai ɗigo-ɗigo.

Ɗan Koyo: Malam, to ba sai a juya mita wajen da take ƙara ba, a gwada wayar daga farko zuwa ƙarshe? In ta yi ƙara waya lafiya, in ba ta yi ba ta tsinke. Haka aka koya mana.

Malam Mai Kimiyya: Ɗana, wannan ƙarar tana da amfani wajen gane wayar da ta rabu biyu, ko gane wace waya ce wace. Amma mitoci da yawa suna yin ƙara muddin turjiya tana ƙasa da om 30, wasu har 50. Wayar da take da om 10 za ta yi maka ƙara da kyau, alhali famfo ba zai motsa a kanta ba. Lafiyayyar wayar famfo bai kamata ta kai ko om ɗaya ba.

Tsohon Rewaya: Malam ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Mu a bakin aiki abin da muke yi shi ne mu ɗora wa layi kaya. Baban Khadija, samo ƙwan fitilar birki, mai wat 21. Yana jan kusan amp 2, ya kusa da abin da famfo yake ja. Haɗa masa waya biyu, ka sa a haƙoran soket a madadin famfo, a ja sanda. Lafiyayyen layi zai haska shi fari tas, har ya kashe maka ido.

Injiniya: Oga, da girmamawa, ina da ja a kan wannan shawara. Mutane da yawa suna karanta zancen nan, ba duka ne masu motar 2007 ba. A sababbin motoci sandar waifa ba ta ɗaukar wutar famfo kwata-kwata. Saƙo kawai take aika wa kwamfutar jikin mota, wadda ake kira BCM, ita kuma ta kunna famfon, ko ta rile ko ta transisto a cikinta. Wani zai ji an ce ƙwan birki, ya je ya soka shi a wayar saƙo, ya ƙona abin da ya fi famfo tsada nesa ba kusa ba. Na ga an yi.

Tsohon Rewaya: Injiniya, gargaɗinka daidai ne, amma ka duba inda na ce a sa. A soket ɗin famfo. Duk abin da aka gina don ya ciyar da famfo mai amp 3, ƙwai mai amp 2 ba zai dame shi ba, ko suwic ne ko kwamfuta. Ban ce kowa ya kai ƙwai wajen sitiyari ba.

Injiniya: A soket ɗin famfo na yarda. Abin da nake so ya fito fili shi ne iyakar. Wayoyin da suke fita daga sanda zuwa kwamfuta, mita kawai. Kuma duk soket ko waya mai launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari ta jakar iska ce, wadda take kumbura ta kare direba in an yi haɗari, ba a auna ta, ba a taɓa ta. In aiki zai kai mutum kusa da ita, ya cire kan batir na nagetif ya jira 'yan mintoci tukuna.

Ƙari kuma, a irin waɗannan motocin na'urar bincike, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, tana rage wahala. Za ka ga ko kwamfuta ta ga an ja sanda, kuma kana iya umartar famfo ya tashi daga jikin na'urar. In ya tashi da umarni amma bai tashi da sanda ba, ka san ɓangaren da za ka nufa. Wasu kwamfutocin ma in suka ji famfo yana jan wuta fiye da kima sai su yanke layin da kansu su ajiye lambar matsala, kai kuma kana can kana neman fis ɗin da babu shi.

Tsohon Rewaya: Wannan gaskiya ne. Na'urar dai ba za ta nuna maka wurin da waya ta ruɓe ba, nan dole a koma ga ƙwai da mita.

Injiniya: Ba musu.

Direban Dogon Zango: Ni har yanzu ban ji an yi maganar rile ba.

Tsohon Rewaya: Alhaji, irin motarsa galibi babu rile a layin famfo, suwic ne yake ɗaukar wutar da kansa. Inda akwai shi, gwajinsa da sauƙi. Ka juya ƙasansa za ka ga lambobi: 85 da 86 su ne nadin da yake jan ƙarfen, 30 wuta mai shigowa, 87 mai fita zuwa famfo. Tsarin lambobin na Jamus ne, amma ya bazu ko'ina. Ka ɗora yatsa a kansa a ja sanda, za ka ji ƙas. Ko ka musanya shi da wani irinsa sak, kamar na hon. Sai dai ƙas ɗin ba shaida ba ce cewa bakinsa na ciki bai ƙone ba. Rile yana iya yin ƙara bai wuce da wutar kirki ba.

Baban Khadija: Oga na yi gwajin ƙwai. Ya kama, amma ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Sai da na kare shi da tafin hannu na ga hasken. Na kai shi kan batir don in tabbatar, ya haska fari.

Tsohon Rewaya: Alhamdu lillahi, yanzu muka fara aiki. Akwai wurin da ya shaƙe layin. Saura mu san ko a hanyar zuwa ne ko a hanyar komawa. Mayar da soket jikin famfo. Aunawar da za ka yi yanzu dole famfo yana haɗe, ana kuma jan sanda. Baƙin tsinke a kan nagetif na batir. Jan tsinke ka zura shi ta bayan soket, inda waya take shiga, har ya taɓa ƙarfen. In bai shiga ba, ka lallaba siririyar allura ta gefen robar, ka ɗora tsinken a kanta. Kada ka huda rigar waya. Ka auna wayar wuta, sannan ka auna ɗayar.

Abin da ya kamata a gani a lafiyayyar mota: wayar wuta kusan daidai da batir, bambancin bai wuce rabin volt ba. Wayar komawa kuma kusa da sifili, 0.2 ko 0.3.

Baban Khadija: Wayar wuta: 12.1 ana ja. Ɗaya wayar: kafin a ja 12.3, ana ja ta sauko 10.6 kawai.

Malam Mai Kimiyya: Ka ga lissafin ya fito da kansa. 12.1 a gefe ɗaya, 10.6 a ɗaya gefen, famfo volt ɗaya da rabi yake samu. Sauran goma da 'yan kai suna ƙonewa a wani wuri tsakanin famfo da bodi.

Ɗan Koyo: Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa wayar nagetif take nuna 12.3 kafin a ja? Ba shot ba ne?

Malam Mai Kimiyya: Ba shot ba ne. Wutar ta ratsa ta cikin nadin famfon ta fito ta ɗaya gefen, ta tsaya tana jiran suwic ya buɗe mata hanya. Tunda babu abin da yake gudana, babu abin da yake ɓata, sai ka ga 12.3 a duka gefen biyu. Hasali ma wannan alama ce cewa nadin famfon bai tsinke ba.

Tsohon Rewaya: Hanyar zuwa ta fita. Saura abu uku: wayar da ta tashi daga famfo zuwa suwic, bakin suwic ɗin, da nagetif ɗin da suwic yake samu daga bodi. Raba su gida biyu. Kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari, sukurori biyu ko uku ne. Za ka ga soket ɗin sandar waifa. Ka tuna maganar Injiniya, mai rawaya ba naka ba ne. Nemo waya mai launi irin na wayar komawar famfo. Don ka tabbatar ita ce: makulli a kunne za ta nuna 12, in ka cire soket ɗin famfo wutar ta ɓace. Auna ta ta baya ana jan sanda. In ka ga 10 a nan ma, laifin suwic ne ko nagetif ɗinsa. In ka ga kusan sifili, suwic ya yi aikinsa, waya ce ta ruɓe a tsakani.

Mai Tasi: Kafin ya dawo, ni tawa fis take ƙonawa. Duk lokacin da na ja sanda sai ya tsinke, waifa ma ta tsaya. Na 15 ne a ciki, wani ya ce in sa na 30.

Tsohon Rewaya: Kada ka sa, don girman Allah. Fis an auna shi ne da kaurin wayar da yake karewa. Ka sa na 30 a layin 15, wayar ce za ta zama fis, ta narke a cikin damin wayoyi inda hannu ba ya kaiwa, wani lokaci har gobara. Shuɗi 15 ne, ja 10, rawaya 20, kore 30. Abin da aka rubuta a murfin akwatin fis shi za ka mayar. Cire soket ɗin famfo, sa sabon fis na 15, ja sanda. In bai ƙone ba, famfon ne ya cije. Famfon yana zaune a ƙasan tanki, in robar da ta raba ruwa da moto ta gaji ruwa yana shiga, ya yi tsatsa ya kafe, moto mai kafewa kuwa wuta yake zuƙa. In ya ƙone duk da famfo a cire, waya ce ta goge take taɓa bodi, ko kuma matsalar tana wajen moton waifa tunda fis ɗinsu ɗaya.

Mai Tasi: Na cire soket, fis bai ƙone ba, waifa tana aiki. Na ciro famfon, ruwan tsatsa ne yake fita ta wajen haƙoran.

Injiniya: Ka samu naka. In za ka sayi wani ka duba bakin fitar ruwa, ɗaya ne ko biyu. Motocin da suke da waifar baya, da yawa famfo ɗaya ne mai baki biyu. In aka ba shi wuta ta wannan fuska ya tura ruwa gaba, in aka juya fozitif da nagetif ya juya ya tura baya. Shi ne wanda Oga ya ce wayoyinsa biyu suna zaune a bodi in ba a taɓa komai ba. Irin wannan in ka auna tsakanin haƙoran biyu za ka ga 12 in an ja na gaba, 12 mai alamar ragi in an ja na baya. Wanda ya ja na gaba ruwa ya fito a baya, ya duba tiyo biyun, an musanya su wajen mayarwa. A kula kuma da soket ɗin na'urar da take nuna ruwa ya yi ƙasa, shi ma waya biyu ne kuma yana jikin tankin, kada a ɗauke shi a matsayin na famfo.

Baban Khadija: Na auna a wajen suwic. Ana ja ta faɗo 0.1. Ke nan waya ce. Amma Oga wayar nan ta shige cikin dami, ta ratsa bangon inji, ban san inda zan fara ba. Ko in ja sabuwa daga sitiyari zuwa famfo kawai?

Kawu Bakanike: Ja sabuwa ka huta. Waya ce mai tsawon mita biyu kawai.

Tsohon Rewaya: Zai yi aiki, ban hana ba. Amma ni zan so ka ga wurin da idonka. Abin da ya ci wannan wayar, in ruwa ne yake shiga dami ko wani soket, gobe zai ci ta kusa da ita, wataƙila ta fitila ko ta hon. Waya kuma ba ta cika ruɓewa a tsakiyar dami inda yake a bushe ba. Fara daga wajen famfo. Juya sitiyari, cire robar da take saman taya, ka bi wayar taƙi biyu ko uku daga soket. Duba inda aka naɗe da tef ɗin da ba na kamfani ba, inda ta jingina da ƙarfe, inda rigarta ta kumbura. Ka riƙa jan ta a hankali da yatsu: wurin da ya ruɓe yana miƙewa kamar roba. In ba ka samu a nan ba, sai soket ɗin da yake haɗa damin inji da na cikin mota, wajen ƙafar direba ko ta fasinja.

Baban Khadija: Jama'a na samu! Ko taƙi ɗaya bai kai ba daga soket ɗin famfo, a bayan robar taya. Rigar wayar ta ɗan kumbura, da na duba da tocila sai ga wani ɗan ƙaramin huji kamar na allura. Na ja, ta miƙe. Na yanka wurin da reza, wallahi babu jan ƙarfe a ciki, wani koren gari ne ya zubo min a yatsa, silin da suka rage kuma baƙi ƙirin, ina taɓawa suna karyewa. Na yi ta feɗe rigar sai da na yi kusan tsawon yatsa kafin na ga jan ƙarfe mai ƙyalli.

Tsohon Rewaya: Hujin nan wani ne ya taɓa soka tsinken gwaji a wurin, wataƙila shekaru da suka wuce, bai rufe ba. Taya tana watsa ruwa, ruwan yana bin silin waya yana shiga ciki. Dalilin da ya sa na ce maka kada ka huda ke nan. Ɗan Koyo, ka riƙe wannan, domin ku ne kuke da tsinke a hannu kullum.

Yanke duk inda ya yi baƙi ta gefe biyu, ka sa guntuwar waya mai kauri irin nata. Kada ka murɗa da hannu ka naɗe da tef, a wurin nan ba zai yi damina ɗaya ba.

Injiniya: Ya matse da ƙarfen haɗi, irin mai rigar da take tsukewa da zafi tana fitar da gam. Dalma tana sa waya ta sandare, wurin kuma yana girgiza, nan gaba ta karye a bakin dalmar.

Tsohon Rewaya: In yana da filayar matsewa ta gaske, na bi ka. Amma matsewa da filaya ta gida ta fi dalma muni, waya tana zarewa. Ni dalma kaɗan nake sawa, ba na bari ta bi waya ta yi nisa, in sa robar zafi mai gam, in ɗaure wayar jikin dami yadda ba za ta yi lilo ba. Kowanne ya yi, ruwa dai kada ya samu hanya.

Baban Khadija: Dalma na yi, ita nake da kayanta. Na sa robar zafi, na ɗaure. Ruwa yana fita har yana haura rufin mota, sai da na sa allura na sunkuyar da nozul ɗin kaɗan. Oga, Malam, Injiniya, Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Tsohon Rewaya: Amin. Kafin ka mayar da robar taya, sake auna wayar komawar nan ana ja, mu ji nawa ta koma. Ka duba ta wutar ma ko an huda ta.

Baban Khadija: 0.2. Ta wutar na bi ta da tocila, ita ma akwai huji ɗaya, amma cikinta bai yi kore ba tukuna.

Tsohon Rewaya: Goge wurin ya bushe, zare haƙorin daga soket ka zura mata robar zafi ita ma. Tsohon famfon kuma ka ɗauraye shi ka ajiye, lafiyarsa ƙalau.

Maman Amir: Ni ma an ciro robar tawa yau. Ragar ta toshe da wani farin yauƙi, ko haske ba ya ratsa ta. An wanke, ruwa ya dawo, sai dai nozul na gefen fasinja har yanzu a karkace yake fesawa. Allurar ce ita ma, ko sai an cire shi?

Tsohon Rewaya: Fara da allurar, Hajiya, a hankali kada bakin ya buɗe. In nozul ɗin irin mai baza ruwa kamar mafici ne, kada a soka masa komai, a cire shi a hura iska ta baki ta fita ta baya.